Abin Da Ke Faruwa In An Danne Maɓallin Kwamfuta Ba A Saki Ba

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san cewa in ya ɗora yatsa a kan harafi ya ƙi ɗagawa, harafin zai fito sau ɗaya, ya ɗan dakata, sa'an nan ya yi ta zuba har ya cika layi. Galibin ma'aikata ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, amma ɗalibai masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni sukan sha wuya a kansa, kuma ofis yana iya yin hasara ta dalilinsa.

Abin ya samo asali ne tun zamanin tafireta mai aiki da lantarki. Tafiretar Selectric, wadda kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita a 1961, tana da waɗansu maɓallai masu maimaita kansu in an danne su sosai, kamar na ja layi da na ba da tazara da na komawa baya, domin a rage wa akawu wahala. Da kamfanin ya fito da kwamfutar PC/AT a 1984, sai aka ba mai ita damar daidaita abin: jiran farko daga rubu'in daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, maimaici kuwa daga sau 2 zuwa sau 30 a daƙiƙa. In ba a taɓa komai ba, jiran rabin daƙiƙa ne, maimaicin kuma kusan sau 11. An sa wannan jira ne da gangan, don kada mai nauyin hannu ya nemi harafi ɗaya ya sami uku.

To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, saƙo iri biyu ne kurum ke fitowa daga maɓalli, watau "an danna" da "an saki". Maimaicin da ake gani na'ura ce ke ƙirƙiro shi. A tsofaffin madannai, allon madannan da kansa ke ta sake aika saƙon dannawa. A na yanzu masu igiyar USB kuwa, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ke wannan aiki.

A nan ne ɗalibi kan faɗa rami. Alal misali, yana so ya rubuta ɗan wasa da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙago a kamfanin Netscape a 1995, yadda mota za ta riƙa tafiya muddin an danne maɓallin kibiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ce duk sa'ad da saƙon dannawa ya iso, mota ta matsa gaba. Sai ya ga motar ta zabura, ta tsaya cik na rabin daƙiƙa, sa'an nan ta ci gaba tana tangaɗi. A kwamfutar abokinsa kuma ta yi gudu ninki biyu, domin kowa da yadda ya daidaita tasa. Bugu da ƙari, in ya danna maɓalli na biyu alhali na farko yana danne, na farkon ya daina maimaici ke nan, don na ƙarshe kaɗai ake maimaitawa.

Masana aikin ba su dogara da wannan maimaici ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne, da zarar saƙon dannawa ya iso sai su sa alama cewa maɓalli kaza yana ƙasa, in na saki ya iso su share alamar. Daga nan sai su tayar da agogo nasu na kansu, wanda zai riƙa duba alamar, galibi sau 60 a daƙiƙa daidai da yadda yawancin allunan kwamfuta ke sabunta hoto, yana gudanar da umarnin in ya tarar da ita. Sai dai akwai tarko a nan ma: wanda ya tayar da sabon agogo a kan kowane saƙon dannawa, cikin 'yan daƙiƙu zai tara agogo barkatai suna aiki tare, alhali guda ɗaya kaɗai zai iya tsayarwa. Don haka ne burauza take liƙa wa kowane saƙo wata shaida mai nuna ko na farko ne ko maimaici, domin a yi watsi da maimaicin.

Mafi haɗari duka shi ne saƙon saki da bai iso ba. In mutum ya danne maɓalli, sa'an nan wata taga ta buɗe a gabansa kafin ya ɗaga yatsa, saƙon sakin ga sabuwar tagar zai tafi. Umarnin na can baya yana ta aiki, a zatonsa har yanzu yatsa na kan maɓalli. In wasa ne, mota ta faɗa kwari, a yi dariya. In kuwa umarnin na share sunaye ne daga jerin albashi, ko na aika takarda, to, ba abin dariya ba ne. Maganinsa shi ne a share dukkan alamu da zarar taga ta fita daga hannun mai aiki. A ganinmu ma, aikin da ba a iya warware shi, kamar biyan kuɗi ko gogewa, bai kamata a ɗaura shi a kan danne maɓalli ba sam. Yatsa ya yi daƙiƙa 3 a ƙasa, umarni ya gudana fiye da sau 25.

Akawuna masu amfani da AutoHotkey, manhajar kyauta da Chris Mallett ya fito da ita a 2003 don sauƙaƙa ayyukan Windows, su ma suna da tasu matsalar. In umarni ya aika harafin da shi kansa yake saurare, sai ya yi ta tayar da kansa ba iyaka. Saboda haka manhajar takan tsaya ta yi gargaɗi in an tayar da umarni fiye da sau 70 cikin daƙiƙa 2.

Ba kowa ne ma ke son maimaicin ba. Masu rawar hannu suna iya rage shi ko su kashe shi a Windows ta hanyar danne maɓallin Shift na dama har daƙiƙa 8. Kamfanin Apple kuwa tun 2011 ya sauya al'adar a kwamfutocinsa: in ka danne wasali, sai a nuna maka ire-irensa masu alamomi ka zaɓa. Haka abin yake a madannan wayoyin hannu, inda danne harafi kan fito da 'yan'uwansa, kuma ta wannan hanya ce masu rubutun Hausa da dama ke samo ƙ da ɗ da ɓ.