Launukan Rubutun Manhaja: Wa Ya Kamata Ya Faɗi Yaren?

Duk wanda ya taɓa leƙa fuskar kwamfutar mai rubuta manhaja ya san rubutun ba baƙi ba ne zalla. Wata kalma shuɗiya ce, wata koriya, wani layi kuma toka-toka. Kwamfutar da za ta bi umarnin ba ruwanta da waɗannan launuka, domin ba sa ma cikin fayil ɗin. Manhajar da ke nuna rubutun ce take shafa su a lokacin nunawa, saboda idon ɗan Adam kawai. Tana bin rubutun harafi bayan harafi, tana yanka shi gaɓa-gaɓa, tana yanke wa kowace gaɓa hukunci: wannan keɓaɓɓiyar kalmar yaren ce, wannan adadi ne, wannan zance ne da aka kulle tsakanin alamun zance, wancan kuwa sharhi ne da marubuci ya bar wa mai karatu. Ke nan kowane launi shaida ce ake bayarwa a kan rubutun, kuma shaida takan zama gaskiya, takan zama zur. Don haka nake ganin wanda ya kawo guntun rubutun manhaja domin wasu su karanta, shi ya kamata ya faɗa wa na'ura yaren da aka rubuta shi, ko ya ce mata ta bar shi ba launi, maimakon ya ƙyale ta tana canki-canki.

Ɗora wa launi ma'ana ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar da ake rubuta Alƙur'ani da hannu. Alarammomin Kano da Borno suna rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, su sa wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa, alamar sadarwa kuma da kore, kuma ɗigon da ya sauka da launin da ba nasa ba kuskure ne da sai an gyara. Masu ilimin kwamfuta sun zo ga irin wannan buƙata ta wata hanyar. A littattafan yaren ALGOL 60 ana buga keɓaɓɓun kalmomi da kauri ko a ja musu layi, tun kafin fuskar kwamfuta mai launi ta yawaita. A 1985 Mike Cowlishaw na kamfanin IBM ya rubuta manhajar LEXX domin aikin shigar da babban ƙamus na Oxford cikin kwamfuta, kuma tana cikin na farko da suka riƙa sauya launin rubutu nan take yayin da mutum yake bugawa. Amma LEXX da ire-irenta an riga an gaya musu irin rubutun da ke gabansu. Manhajar rubutu ta yau ma haka: da ta ga sunan fayil ya ƙare da .py ta san Python ne. Matsala tana tasowa ne idan aka yanko layi biyar aka liƙa su a tsakiyar wani bayani, ba suna, ba abin da ya gabace su.

A nan alama guda takan raba hanya. Alamar # a Python tana buɗe sharhi, duk abin da ya biyo ta a layin ba umarni ba ne. A yaren C kuwa, layin #include shi ne yake jawo wasu fayiloli, in babu shi shirin ba zai haɗu ba. Idan aka shafa wa rubutun C launin Python, wannan muhimmin layi zai koma toka-toka, yana gaya wa ɗalibi ya wuce shi. Ɗan wakafin sama da muke rubuta jama'a da sa'a da shi ya fi nuna abin a fili. A Python yana buɗe zance yana rufewa, a Visual Basic kuma sharhi yake buɗewa. Mai koyo da ya rubuta print('jama'a') zai ga launin zance ya yanke a bayan jama, harafin ƙarshe ya fita da wani launi, sauran layin ya rikice, kuma gaskiya launin ya faɗa masa, domin Python ma nan za ta tsaya ta yi ƙorafi. Amma idan na'ura ta ɗauki jimlar Hausa ko saƙon kuskure a matsayin manhaja, wannan wakafin zai jawo irin rikicewar launin nan ba tare da akwai laifin komai ba, mai karatu ya zauna yana neman ɓarakar da ba ta nan.

Faɗin yaren ba wani aiki ba ne. Tsarin rubutu na Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, ya sami ƙari daga baya wanda ƙa'idar CommonMark ta tabbatar: a buɗe guntun da alamar ` sau uku, a rubuta python ko c ko sql a jikinta, a rufe da wasu ukun. Kalma ɗaya ke nan. Masu ganin ko wannan bai zama dole ba suna cewa na'ura ta iya gane yare da kanta, kuma suna da hujja. Manhajar highlight.js, da Ivan Sagalaev ya fara a 2006, takan gwada rubutu da ƙa'idodin yaruka masu yawa, ta ba kowanne maki, ta ɗauki wanda ya fi. A rubutu mai tsawo takan dace. Sai dai guntayen da ake kawowa misali gajeru ne, kuma a gajeren rubutu shaidar ba ta isa. Layin print("sannu") daidai yake a Python, a Lua, a Swift, har a R. Babu hikimar da za ta ciro amsa daga inda ba a ajiye ta ba. Marubucin shi kaɗai ya san abin da yake nufi, kuma na'urar ba ta da hanyar nuna wa mai karatu cewa launin da ta shafa zato ne.

Akwai suka mafi ƙarfi, wadda ke cewa launin gaba ɗaya ado ne. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro yaren Go, ya shahara da ƙin sa, kuma manhajar rubutunsa mai suna Acme ba ta shafa wa kalmomi launi. Bincike ma bai yi wa masu son launi cikakkiyar hidima ba. Gwajin da Advait Sarkar ya yi a Kambrij a 2015, da mutum 10, ya nuna launi yana gaggauta fahimta, amma amfanin yana raguwa gwargwadon ƙwarewar mai karatu. A 2018 Christoph Hannebauer da abokan aikinsa a Jamus suka gwada ɗalibai 390, ba su sami shaidar cewa launi ya ƙara musu fahimta ba. Bai kamata a rufe ido a kan wannan ba. Amma a lura da abin da aka auna: launin da yake daidai ne aka kwatanta da rashin launi. Ba wanda ya ce launin da ke kan kuskure yana taimako. In har amfanin launi na gaskiya ɗan kaɗan ne, to, ɓarnar launin ƙarya ba ta buƙatar girma kafin ta cinye shi, kuma wanda ya fi dogara da launi, wato sabon shiga, shi ne ba shi da ilimin da zai ƙaryata shi. Sukar ta ƙara wa maganar ƙarfi ne ta wani gefen: kashe launi zaɓi ne na mutunci. Saƙon kuskure, da abin da shiri ya fitar, da jerin sunayen fayiloli, duk ba su da nahawun da za a rina, sai a rubuta text a wurin sunan yare, a bar su yadda suke.

Zaɓen launukan kansu yana hannun mai tsara manhajar nuni, kuma nan ma akwai haƙƙi. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa kowa karanta shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, abin da sharhi mai toka-toka a kan baƙar fuska yakan gaza kaiwa, balle a wayar hannu cikin rana. Kusan namiji 1 cikin 12 a tsakanin mutanen arewacin Turai ba ya rarrabe ja da kore sosai, alhali da waɗannan biyun ake nuna layin da aka goge da wanda aka ƙara idan an gyara rubutun manhaja. Abin da ya ceci wannan tsari, wanda ake kira diff, shi ne kowane layin da aka goge ko aka ƙara yana ɗauke da alamar - ko + a farkonsa, ta yadda wanda bai ga launin ba zai karanta alamar ya san abin da aka sauya.