Ƙwanjin Aro: Man da Saurayi Ya Shafa Ba Ya Tsayawa a Fatarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW).

Garwa gari ne na wasanni. A nan ƙungiyar Coton Sport take, kuma a filin Roumdé Adjia aka buga wasannin rukunin Najeriya da Masar a gasar cin kofin Afirka cikin Janairun 2022. Ban da ƙwallo, samari da yawa sun rungumi ɗaga ƙarfe, wasu a ɗakunan motsa jiki, wasu a bayan gida da siminti da aka zuba a gwangwani. Wannan abu ne mai kyau, domin ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Sai dai ƙwanji ba ya fitowa a mako guda, kuma matashi ba shi da haƙuri. Ta wayar hannu ake nuna masa gajeriyar hanya: ya samo garin sinadarin mazakuta, ya kwaɓa da man shafawa, ya riƙa shafawa a damtse da kafaɗa. Ana ce masa tunda babu allura babu haɗari. Wannan magana ce ya kamata kowane mai gida da kowace uwar gida su san ƙaryarta.

Haɗa mai a gida ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu. An daɗe ana kwaɓa mayukan bilicin a roba ana sayar wa mata, har ta kai a watan Agustan 2022 Ministan Lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya hana shigowa da sarrafawa da sayar da kayan shafa masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa irin su hidrokinon da makuri. Darasin da aka koya daga bilicin shi ne fata ƙofa ce: abin da aka shafa mata yana ratsawa ya shiga jini.

Mene ne wannan sinadari?

Sunansa testosteron. Allah Ya sanya maraina su riƙa samar da shi a jikin namiji, kuma abin da suke samarwa a yini bai kai miligiram 10 ba. Da wannan ɗan kaɗan ɗin murya ke buɗewa, gemu ke fitowa, tsoka ke ƙaruwa. Masana a Turai sun ware shi, suka kuma iya haɗa shi a ɗakin bincike a 1935. Magani ne na gaske ga mutumin da gwajin jini ya nuna jikinsa ba ya samar da isasshe. A shekarar 2000 Amurka ta amince da wani nau'insa na shafawa mai suna AndroGel, wanda ba a bayarwa sai da takardar likita. A fagen wasanni kuwa haramtacce ne: hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, ta sanya shi cikin jerin abubuwan da ake dakatar da ɗan wasa a kansu.

Mai shafawa ɗaya, masu sha da yawa

Ga inda maganar ta shafi iyali. Ko a man da kamfani ya auna da kyau, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na sinadarin ke shiga jinin mai shafawa. Sauran yana kan fata da tafin hannu da riga, yana jiran wanda zai taɓa.

A watan Mayun 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tilasta wa masu yin AndroGel da Testim su buga gargaɗi mafi tsanani a kan kwalayensu. Dalili shi ne rahotannin yara 8, daga ɗan wata 9 zuwa ɗan shekara 5, waɗanda sinadarin ya shige su ta hanyar cuɗanya da manyan da ke shafa shi. An ga gashin balaga ya fito musu, al'aurarsu ta girma, ƙashinsu ya wuce shekarunsu, halinsu ya koma na faɗa. Yawancinsu sun samu sauƙi bayan an raba su da man, amma a wasu jiki bai koma daidai gaba ɗaya ba.

Wannan ya faru ne da maganin likita, mai awo, mai takardar bayani. To yaya man da aka kwaɓa a kwano, babu sikeli, babu wanda ya san ƙarfinsa? Sannan mu dubi zamanmu. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, samari na zaune ba riga, gumi na zuba. Tabarma ɗaya ake kwanciya, tawul ɗaya ake goge jiki, yaya kan ɗauki ƙanwarsa ya saɓa a kafaɗa, ango kuma yana tare da amaryarsa. Mace idan sinadarin ya taru a jikinta sai gashi ya fito mata a haɓa, al'adarta ta rikice, muryarta ta yi kauri, kuma muryar ba lalle ta dawo ba. Idan tana da juna biyu, yana iya taɓa halittar 'yar da ke cikinta.

Garin neman ƙiba

Shi kansa mai shafawar bai tsira ba. Ƙwaƙwalwa ce ke umartar maraina su yi aiki. Idan ta ga sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta janye umarnin, maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ƙare. Wannan tabbatacce ne har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka buga sakamakon a 1990. Saurayin da ke shirin aure ya yi tunani: gobe idan haihuwa ta yi jinkiri, amarya za a fara zargi, a yi ta kai ta wurin masu magani, alhali dalilin yana cikin robar mansa.

Akwai kuma fitowar nono ga namiji, domin jiki na juya rarar sinadarin zuwa na mata. Akwai ƙurajen fuska da na baya, da sanƙo da wuri, da hawan jini, da kaurin jini mai iya kai wa ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Yaron da bai gama girma ba, bakin ƙashinsa kan rufe da wuri, tsawonsa ya tsaya. Idan kuma aka daina farat ɗaya bayan an daɗe, sai kasala da baƙin ciki da mutuwar sha'awa su biyo baya, abin da ke mayar da mutum ga man.

Wani ruɗanin kuma shi ne na masu tallar magani a bakin titi. Sukan ba da dezametazon da danginsa da sunan maganin ƙiba. Wannan ba ya gina tsoka, hasali ma cinye ta yake yi. Fuska ce ke kumbura, ciki ya fito, sukari ya hau. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Garin da aka saya ba suna ba lamba, wa ya san abin da ke ciki?

Mahangar addini

Musulunci bai ƙi ƙarfi ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, ko da yake kowannensu da alherinsa. Amma malamai sun gina babbar ƙa'ida a kan hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cutar da kai da cutar da wani. Wannan man ya haɗa biyun. Jiki amana ne, jikin matarka da na ƙanenka kuwa haƙƙin wasu ne, kuma ba su ba ka izini ba. Mai sayarwa da ya ɓoye illa shi ma ya shiga algus.

Abin da ya kamata iyaye su yi

Ku lura da robar mai marar suna a ɗakin samari, da ƙurajen da suka fito farat ɗaya, da saurin fushin da ba a saba gani ba. Idan kun gani, kada ku fara da zagi ko tonon asiri a gaban ƙanne. Uba ko kawu ya keɓe da yaron, ya yaba masa ƙoƙarinsa na motsa jiki, sannan ya faɗa masa gaskiya, musamman maganar haihuwa. A raka shi wurin likita tare da robar, a faɗi tsawon lokacin da ya yi yana shafawa, domin a auna jininsa a tsara masa yadda zai bari. A wanke tufafinsa da zanen gadonsa daban. Duk yaron da aka ga alamar balaga a jikinsa tun kafin lokaci, a kai shi Asibitin Yanki na Garwa ko cibiyar lafiya mafi kusa ba tare da jinkiri ba, a kuma gaya wa likita idan akwai mai shafa irin wannan mai a gidan.

Ga samarinmu kuwa: Allah Ya hore mana kifin Binuwai, da wake, da gyaɗa, da nonon Fulani, da ƙwai. Da waɗannan, da isasshen barci, da atisaye na watanni, ake gina ƙwanjin da zai zauna. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Muna kuma roƙon limamai da masu kula da wuraren ɗaga ƙarfe su sanya wannan batu cikin nasiharsu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu lafiya mai amfani. Amin.