Kasuwar Janiba Ma Tana Da Ranarta Da Dillalanta

Duk wanda ya taɓa kai sa kara ya san kyan dabba kaɗai ba ya sayar da ita. Ka yi ta ba bijiminka dusa da harawa har tozonsa ya kwanta, amma in ka kora shi Wudil ranar Talata, wa za ka tarar? Wudil Juma'a take ci, Maigatari kuwa Alhamis. In ma ka dace da ranar, sai ka san dillalin da za ka miƙa wa igiya, ka san inda ake cewa albarka da inda ake sallamawa. Baƙon da bai san wannan ba, a rana zai wuni, ya koro abinsa gida da yamma.

To, haka abin yake ga masu kare haƙƙin ɗan Adam idan suka ɗauki kukan jama'arsu zuwa manyan zaurukan duniya. Malamar da ta tattara sunayen yaran da aka hana karatu, da lauyan da ke bin sawun waɗanda aka tsare ba shari'a, da ɗan jaridar da ya ga ƙonannen ƙauye da idonsa, kowannensu kaya mai kyau ne a hannunsa. Abin da yakan gagare su shi ne sanin kasuwa, kuma shi ake koya musu a horon da ake yi wa irinsu.

Babbar kasuwar tana birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Can ne zauren kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya yake zama tun 2006, da kujeru 47, sha uku daga ciki na Afirka. Sau uku yake ci a shekara, wajen Maris, da Yuni, da Satumba. Akwai wata ƙungiya a garin mai suna ISHR, wadda aka kafa a 1984, takan tara masu fafutuka daga ƙasashe daban-daban ta horar da su, kuma takan saita zuwansu daidai da zaman Yuni. Dabarar ta burge ni. Ba a koya wa yaro dillanci a zaure. Hannunsa ake kamawa a kutsa da shi cikin kara tana tsakar ci, ya ji ƙura, ya ga yadda manya ke raɗa.

Karatun farko shi ne sanin rumfuna, don mai neman gishiri ba ya dosar 'yan yadi. In an kama mutum jiya da dare kuma ana tsoron ransa, akwai ƙwararru masu zaman kansu da Majalisar ta naɗa, kowa da fanninsa, wani azabtarwa, wani 'yancin faɗin albarkacin baki. Ka rubuta musu, su kuma su aika wa gwamnati wasiƙar gaggawa, bayan kamar wata biyu a fitar da wasiƙar fili kowa ya gani. Ba sa ambatar sunan mutum sai da yardarsa ko ta danginsa. In kuwa matsalar tsohuwa ce, irin ta mata ko ta yara, akwai kwamitocin da ke sa ido kan yarjejeniyoyin da ƙasarka ta sa wa hannu. Gwamnati za ta kawo rahotonta, ta ce komai lafiya lau. Kai kuma ka kawo naka. Mai sayen hatsi mai wayo ai ba ya dogara da mudun mai sayarwa, da nasa yake zuwa a sake awo a gabansa.

Rumfar da ta fi ɗaure wa baƙo kai ita ce ta bitar ƙasashe bi da bi, wadda aka fara a 2008. Duk ƙasashe 193 sai an zaunar da kowace an yi mata tambayoyi, sau ɗaya a kusan shekara huɗu da rabi. An zaunar da Najeriya a 2009, da 2013, da 2018, da kuma Janairun 2024. Ka ga ke nan wanda ya makara, jiran wata kasuwar ba na mako ba ne. Rubutaccen bayaninka ma watanni kafin ranar ake rufe karɓarsa, kuma na ƙungiya ɗaya ba ya wuce kalma 2,815. Sannan ga babban abin: ranar bitar, ɗan ƙungiya ba shi da baki, ƙasashe ne kaɗai ke magana. Ashe dole ka nemi dillali, wato jakadan wata ƙasa da zai ɗauki maganarka ya faɗe ta da bakinsa. Su ma kamar dillalan kara suke, wani na shanu ne, wani na awaki: wannan ƙasa ta fi damuwa da karatun 'ya'ya mata, waccan da 'yan jarida. Mai horo yakan koya maka ka nemi ofisoshinsu tun a Abuja ko Yamai, tun kasuwa ba ta ci ba.

Kuma ka zo da farashi a bakinka. "A yi mana adalci" kuka ne, ba wanda zai iya taya shi. Amma "a soke sashe kaza na doka kaza", ko "a saki wane kafin wata kaza", wannan jakada zai iya karantawa, a kuma dawo daga baya a duba ko an yi. A babban zauren ma, inda ake barin ƙungiyoyi su yi magana, yawanci minti ɗaya da rabi ne. Mu da gaisuwarmu kaɗai kan cinye fiye da haka, sai an zauna an koyi tace wahalar shekara goma ta koma layi goma ba tare da ta rasa zafinta ba. Shiga zauren kuma sai da shaidar Majalisar, wadda samunta kan ɗauki shekaru, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi kan sauka a hannun manya, kamar yadda falke ke sauka gidan fatoma.

Kada dai nisan Janiba ya sa a manta da kasuwannin kusa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka tana Banjul, ita ce a 2001 ta samu gwamnatin Najeriya da laifi kan abin da haƙar mai ya yi wa ƙasar Ogoni. Ga kuma kotun ECOWAS a Abuja. Labarin Hadijatou Mani ya isa misali. Tana 'yar shekara 12 aka sayar da ita a Nijar a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, ta yi shekaru cikin bauta, kotunan gida suka yi ta juya ta. Ƙungiyar Timidria da lauyoyin da suka tsaya mata sun san abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan kotu ba ta cewa sai ka gama zagaye kotunan ƙasarka kafin ka zo. A ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci gwamnatin ta biya ta sefa miliyan goma. Gaskiyarta tana nan tun farko, sanin ƙofar da za a buga ne ya fito da ita. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, 'yan'uwanmu na can sun ƙara buƙatar sanin sauran rumfunan.

Hanyar kasuwa kuwa ba ta rasa masu tare ta. A Satumbar 2013 aka tsare wata mai fafutuka, Cao Shunli, a filin jirgin saman Bejin tana shirin tafiya Janiba horo irin wannan, ta rasu a tsare a Maris na 2014. Sanarwar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1998 ta ce kowa na da haƙƙin kai kukansa ga hukumomin duniya, Kwadebuwa ta yi dokar kare irin waɗannan mutane a 2014, Nijar ma ta yi a 2022, amma takarda ba ta tare duka. Don haka horon kirki yakan haɗa da yadda za ka tsare wayarka, da sunayen shaidunka, da wanda zai san inda kake har ka dawo.

Abu na ƙarshe, cinikin Janiba yawancinsa bashi ne. Ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. Gwamnati za ta ce ta karɓi shawara, a rubuta, kasuwa ta watse. Karɓo kuɗin a gida ake yi: ka ɗauki takardar ka kai ma'aikata, ka kai majalisar jiha, ka karanta ta a rediyo da Hausa har mai shayi ya san alkawarin da aka ɗauka da sunansa. Kirana ga masu zaɓen waɗanda za a horar shi ne su leƙa bayan manyan birane, su ɗauko mutanen Zamfara da Borno da Tawa waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Wanda kuma Allah Ya ba shi damar zuwa, in ya dawo ya tara na ƙasa da shi ya koya musu da harshen da suke ji.