Kafin ka ce wa bakanike "a matse masa mai", tsaya ka ji

Ranar Lahadi ce, kasuwar Dambatta na ci. Ka ɗaure buhun gero a bayan tsohon CG ɗin da Baba ya bar maka, ka buga kik sau goma, sai tari yake yi kamar mai mura. Da ƙyar ya tashi, kana sakin totur ya mutu. Abokinka ya leƙo ya ce, "Ai kafireta ce." Wataƙila ya yi gaskiya. Amma abin da za ka yi wa kafiretar nan a mintuna talatin masu zuwa shi zai nuna ko mashin ɗin zai ƙara shekara biyar, ko kuwa za ka sayi fistin kafin kaka.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan wata magana ta yi yawa a rumfunan gyara daga Bichi zuwa Kunchi: "Oga, a matse masa mai." Wato a rage man da kafireta ke ba inji. Ba laifinka ba ne, aljihu ne ya yi magana. Sai dai inji ba ya sauraron aljihu.

Aikin kafireta ɗaya ne: gauraya iska da fetur. Ma'aunin da fetur ke ƙonewa tas shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a nauyi. In mai ya yi yawa, mashin ya yi nauyi, salansa ta riƙa baƙin hayaƙi, kuɗinka na bin iska. In mai ya yi kaɗan, nan ne matsalar take, domin ba ka ganinta da ido. Injin babur ɗinka ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, kuma shi kansa fetur ɗin yana taimakawa wajen rage zafin cikinsa. Ka matse shi, ka ɗora masa buhu biyu da fasinja a zafin watan Afrilu, to bawul da fistin ne za su biya bashin. Masu Suzuki da Jincheng irin na da, masu hayaƙin nan, su fistin ɗin ma yana iya hujewa ko ya cije gaba ɗaya. Man da ka tattala a wata uku ba zai kai kuɗin sauke inji ba.

To ya za ka gane inda naka yake? Tambayi filogi, shi ba ya ƙarya. Yi tafiya mai ɗan nisa, ka bari ya huce, ka kwance shi. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. Ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Ya yi fari fat kamar alli, kana gasa injinka ne.

Ga abin da ya fi ba ni haushi: sau da yawa mashin ɗin da ake cewa yana shan mai, ba mai ne ya yi masa yawa ba, iska ce ta yi masa kaɗan. Duba hanyoyin da kake bi, burji da yashi, ga ƙurar hunturu. Soson iyakilina ya toshe, inji na ja da ƙarfi, sai ya zuƙo mai fiye da ƙima. Maganin wannan wanki ne: cire soson, wanke shi da kananzir, matse shi, bari ya bushe, ɗan shafa masa baƙin mai kaɗan, ka mayar. Da ma haka aka ƙera shi. Lokacin da Honda ta fito da CG125 a 1975, ta yi shi ne don ƙasashe irin namu inda ƙura ta yi yawa kuma ba a cika yin sabis a kan kari ba, shi ya sa ta sa masa soson da ake wankewa. Kuma don Allah kar ka bi masu cire soson su jefar wai don mashin ya yi gudu. Yashi kake ɗura wa silinda.

In kuma mashin ba ya tsayawa sai ka ja cok, ko yana mutuwa da ka saki totur, mafi yawa ƙaramin jet ne ya toshe. Kafireta na da matakai uku: ƙaramin jet ke riƙe silo har zuwa kwatan totur, allura ke aiki a tsakiya, babban jet kuma sai ka murɗa kusan ƙarshe. Saboda haka lura da inda yake shaƙewa, shi zai gaya maka inda za ka duba. Ramin ƙaramin jet siriri ne ƙwarai, ɗan tsaki ya ishe shi. Kuma ka san man kwalba da muke saya a bakin hanya: mazurari a buɗe, galan a ƙasa, da damina har ruwa. Rufe makunnin mai, kwance kofin da ke ƙasan kafireta, za ka ga jan laka ko ɗigon ruwa kwance. Wanke da fetur, hura jet ɗin da famfon taya. Kar ka zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla ce, da ta buɗe ta buɗe ke nan, kuma daga ranar shan mai na gaske ya fara.

Mai na ɗiga ta ƙasa in ka ajiye shi? Fulot ne bai rufe ba, ko datti ya maƙale a bakin allurarsa. Silo na hawa shi kaɗai ya ƙi sauka? Duba robar da ta haɗa kafireta da inji, rana ta tsattsaga ta, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya.

Sai bayan duk wannan za ka taɓa sukurori, kuma sai inji ya yi ɗumi. Guda biyu ne. Ɗaya na ɗaga silo ne kawai. Ɗayan na gauraye ne, kuma nan bidiyoyin TikTok ke rikita mutane, don ba duka ke aiki iri ɗaya ba. In sukurun yana ɓangaren iyakilina, na iska ne, kwance shi na rage mai. In yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi na ƙara mai. Ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi, kana ƙirga zagayen don ka iya komawa inda ka taso. Fara daga wajen zagaye ɗaya da rabi, ka riƙa juyawa kwata-kwata kana sauraro, har inda ƙarar ta fi tashi ta kuma daidaita. Sannan ka sauke silo da ɗayan sukurun.

Sanyin asuba na Disamba kuwa ba lalacewa ba ne. Ja cok, ba shi minti biyu, ka mayar.

Wata rana wani zai ce maka ka huta da wahala, ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayo sabuwa. Kafin ka yarda, goge jikin tsohuwar ka karanta. In ka ga an rubuta Keihin ko Mikuni, mai yiwuwa ta asali ce, kuma abin da ke lalacewa a cikinta, gasket da allurar fulot da jet, duk ana canza su. Ko da ka sayi sabuwar, sa tsohuwar a leda ka kai ɗaki. Kar ka bar ta a kwandon bakanike.