Ofishin Ɗaukar Ɗalibai Shi Ne Ajin Farko Na Jami'a

A shekarar 2025 matasa kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB, kuma sama da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. An yi makonni ana tafka muhawara a kan wannan sakamako, musamman bayan hukumar ta fito ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugabanta na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana ba da haƙuri. Muhawarar ta dace. Sai dai tsakanin ranar da sakamako ya fito da ranar da yaro zai zauna a ɗakin lacca, akwai wani wuri da ba a cika maganarsa ba, alhali a nan ake yanke makomar dubban 'ya'yanmu. Wurin shi ne ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a ko kwaleji.

Aikin wannan ofishi ya wuce tantance takardu da liƙa jerin sunaye. A nan yaro yake fara ganin halin makarantar da yake mafarkin shiga. Abin da aka faɗa masa da abin da aka ɓoye masa su ne ke tsara kwas ɗin da zai nema da makarantar da zai zaɓa. Yadda aka karɓe shi kuma yana koya masa ko ƙoƙari ne ke kai mutum gaba a ƙasar nan, ko kuwa sanin wani.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawarta, ta ɗauki wanda ta ga dama. Ɗalibi ɗaya sai ya nemi Ibadan da Nsukka da Ife da Zariya a lokaci guda. In mai ƙoƙari ne ya samu wurare uku, ya tafi ɗaya, sauran biyun su tafi a banza, ga wasu can suna zaune a gida. Da jami'o'i suka ƙaru a 1975, ciki har da ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos, ruɗanin ya yi yawa, sai gwamnatin soja ta kafa JAMB a 1978. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin fasaha da na ilimi. A 2005 jami'o'i suka samu damar sake gwada ɗalibai da kansu bayan jarrabawar JAMB. A 2010 aka haɗe jarrabawowin zuwa guda ɗaya, wato UTME, a 2015 kuma aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. A 2016 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya soke gwajin da jami'o'i ke yi, shekara ta zagayo aka dawo da shi bisa sharaɗin kada kuɗinsa ya wuce naira 2,000. A 2017 ɗin ne kuma aka ɓullo da manhajar CAPS, wadda ta cikinta makaranta ke miƙa sunayen waɗanda take so, JAMB ta duba ta amince, ɗalibi kuma ya shiga ya danna ya karɓa ko ya ƙi.

Duk wannan kai-komo na shekaru arba'in da wani abu a kan tambaya ɗaya yake: wa ke riƙe da mabuɗin ƙofa? Amsar da aka tsaya a kai yau ita ce mabuɗi biyu ne. JAMB na riƙe da ɗaya, makaranta na riƙe da ɗayan. JAMB ta yi ƙoƙari wajen bayyana nata ɓangaren, tana da kundin kwasa-kwasai da sharuɗɗansu a intanet, tana kuma fitar da sanarwa a kai a kai. Inda duhu ya rage shi ne ɓangaren makaranta.

Dubi ƙa'idojin da jami'o'in tarayya ke aiki da su. Kashi 45 cikin 100 na guraben ana bayar da su ne bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana sun yi baya a ilimin boko, waɗanda mafi yawansu a Arewa suke. Akwai kuma rabon kashi 60 ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni a jami'o'in da ke koyar da komai. Bayan wannan, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, tana ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta iya ɗauka, majalisar likitoci ta ƙasa tana ƙayyade na likitanci, majalisar ilimin shari'a tana ƙayyade na lauyanci. Ke nan ko da yara dubu sun cancanci karatun likita a wata jami'a, ba za ta iya wuce adadin da aka ba ta ba. Yaro nawa ne a ajin ƙarshe na sakandare a Gumel ko Yauri ko Biu aka taɓa zaunar da shi aka yi masa wannan bayani?

Abin da yake ji a rediyo shi ne an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin fasaha da na ilimi, kamar yadda aka sanar a 2025. Shi kuwa ya ci 215. Sai murna ta cika gida, a fara kiransa Dakta. Ba wanda ya gaya masa cewa 150 ɗin nan ƙasan rijiya ne kawai, kowane sashe yana da nasa makin, kuma na likitanci da lauyanci da harhaɗa magunguna yana can sama nesa da nasa.

Tun kafin nan ma an riga an yanke masa rabin hukunci, a shagon intanet ko a cibiyar rajista. Ga layi har waje, ga janareta yana ruri, ga matashin da ke kan kwamfuta yana son ya sallami mutum hamsin kafin la'asar. "Wane kwas kake so?" "Lauya, yayana." "Wace makaranta?" Yaro ya waiwaya ya dubi abokinsa, ya faɗi wadda ya fi jin sunanta. Cikin minti biyar an gama, an miƙo masa takarda. Ba a tambaye shi ko ya yi adabin Turanci a WAEC ko NECO ba, alhali yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar ɗalibin shari'a sai da kiredit a wannan darasi. Ba a gaya masa cewa jami'o'in da ake rububi ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Wani kuma bai san dole ne a ɗora sakamakonsa na sakandare a kan CAPS ba, sai ya yi wata huɗu yana duba waya yana jiran suna, alhali takardunsa ba su ma isa gaban masu dubawa ba. Mai shagon bai yi da mugun nufi ba, iyakar saninsa ke nan. Gurbin mai ba da shawara ne ya tarar babu kowa, ya zauna.

Idan jira ya yi tsawo, sai uba ya ɗauki ɗansa su hau mota zuwa makarantar. A makarantu da yawa abin da za su tarar taga ce mai ƙarfe, a bayanta ma'aikaci ɗaya da tarin fayil-fayil. "Ranka ya daɗe, yaron nan ne ya ci JAMB, har yanzu ba mu ga sunansa ba." "Baba, ku je ku ci gaba da dubawa a intanet." Shi ke nan amsar, bayan tafiyar awa huɗu. Suna juyowa za su ci karo da wani a gindin bishiya yana cewa ya san wani a ciki, in za a ba da wani abu. Ko kuma su koma gida a fara lissafin wa za a kai wa gaisuwa: ɗan majalisa, ko hakimi, ko wani malamin jami'a ɗan garinsu, a nemi alfarma. Yaron yana tsaye yana kallon duk wannan. Bai shiga aji ba tukuna, amma ya riga ya ɗauki darasi cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wannan darasi shi zai riƙe har ranar da shi ma zai zauna a bayan wata tagar.

Adalci ne a faɗi cewa ma'aikatan waɗannan ofisoshi suna cikin matsi. Mutane ƙalilan ne ke fama da takardun dubun dubatar masu nema, ga wasiƙu da kiran waya daga manya, kowa da jerin sunayensa. CAPS ta rage musu wannan nauyi, domin yanzu tsallake mai maki sama a ɗauki na ƙasa ba tare da hujja ba ya yi wuya. Amma rashin bayani yana sa ko abin da aka yi bisa gaskiya a ɗauke shi a matsayin maguɗi. Yaron da ya ci 250 bai samu ba, ya ga ɗan wata jiha ya samu da 230, in bai san rabon 45 da 35 da 20 ba, me zai ɗauka in ba son kai ba?

Wani wurin da ofishin ke juya rayuwar ɗalibi shi ne canjin kwas. Wanda ya nemi likitanci sai ya ga an ba shi ilimin tsirrai, wanda ya nemi shari'a a tura shi sashen koyarwa, ba tare da wani ya zauna da shi ya bayyana masa abin da ke cikin sabon fannin da inda zai iya kai shi ba. Wasu su karɓa suna gunaguni, su yi shekara huɗu da zuciya a wani wuri. Wasu su ƙi, su sake zama JAMB sau biyu, sau uku. Illar ta fi tsanani a fannin koyarwa. Idan tsangayar ilimi ta zama wurin zuba waɗanda aka rasa inda za a kai su, daga can za a yaye malaman da za su koyar da ƙannensu, a yankin da ya fi kowane buƙatar malamai masu son aikin.

Inda makarantun gwamnati suka yi shiru, wasu suna magana. Jami'o'i masu zaman kansu suna ɗaga waya, suna amsa saƙo a WhatsApp, suna zagayawa da iyaye su ga ɗakunan kwana da ɗakin gwaje-gwaje. Uban da zai kai 'yarsa wani gari, tambayarsa ta farko ita ce inda za ta kwana da wanda zai kula da tsaronta, kuma duk makarantar da ta amsa masa wannan da kyau ta yi rabin samunsa. 'Yan mata da yawa a Arewa a kan wannan tambaya kaɗai karatunsu ke tsayawa ko ya ci gaba. Su ma dillalan makarantun bogi da daɗin baki suke cin kasuwa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin makonni shida, abin da ya sa a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su yara ne da suka gaji da jiran suna a gida.

Akwai kuma laifin da wasu ofisoshin suka yi da hannunsu. A 2021 JAMB ta bayyana cewa ta gano ɗalibai sama da dubu 700 da makarantu suka ɗauka ta bayan fage, ba tare da bi ta CAPS ba. Irin wannan ɗalibi yana biyan kuɗi, yana karatu, yana cin jarrabawa, sai lokacin tafiya bautar ƙasa ya yi a ce babu sunansa a kundin JAMB. Wanda ya ba shi takardar ya san da haka tun ranar farko, shi ne bai sani ba.

Neman ɗalibi tun daga tushe ba baƙon abu ba ne a Arewa. A shekarun 1970, da aka ga yaran yankin ba sa samun cika sharuɗɗan shiga jami'a, an buɗe makarantun share fage, Jami'ar Ahmadu Bello ta kuma ɗauki nauyin jarrabawar IJMB, wadda har yau take kai ɗalibai aji biyu kai tsaye. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua da kwalejin CAS ta Kano duk daga wannan tunani suka fito: jami'a ta miƙa hannu ta jawo yaro, ta gyara masa inda ya gaza. Yanzu da kusan kowace jiha take da jami'ar tarayya, daga Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da aka kafa a 2011 zuwa Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, wannan aiki ya fi sauƙi fiye da da, domin makarantar ta matso kusa da ƙauyen yaron.

Gyaran da ake buƙata bai kai kuɗin gina ɗakin taro ɗaya ba. Kowace makaranta ta wallafa, tun kafin a buɗe rajistar JAMB, yawan guraben kowane sashe, yawan waɗanda suka nema bara, da makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a kowane rukuni na rabon nan uku. Wannan kaɗai zai hana dubban yara jefa zaɓinsu na farko inda ba su da rabo. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya shiga gidan rediyon jiha ya yi bayani da Hausa, a buɗe layi iyaye su yi tambaya. A tura malamai da ɗaliban ajin ƙarshe zuwa makarantun sakandare na yankin, musamman na 'yan mata da na karkara, tun yara suna aji huɗu, lokacin da ake zaɓar darussa. A ware rana guda a shekara da za a buɗe ƙofa ga iyaye da yara su ga makarantar da idonsu, a kuma sanar da su jimillar kuɗin da za su biya da yadda ake neman rancen karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Duk wanda za a canja wa kwas a kira shi a yi masa bayani kafin ya danna amincewa. Wanda ba a ɗauka ba kuma a gaya masa da wuri, tare da dalili, domin ya nemi kwalejin fasaha ko ta ilimi ko ta aikin jinya kafin su ma su rufe.

Shugabannin jami'o'i da majalisun gudanarwarsu su ne ke da ikon sa a yi wannan, ba sai an jira umarni daga Abuja ba. Ma'aikatun ilimi na jihohi kuma, da suke kashe kuɗi wajen saya wa ɗalibai fom ɗin JAMB, ya kamata su haɗa da mai ba da shawara a kowace sakandare, domin fom ɗin da aka cike ba daidai ba asarar kuɗin gwamnati ce da shekarar yaro. Kafin a buɗe rajista ta gaba, kowace makaranta ta fitar da alƙalumanta na bara a fili, kowa ya gani.