Zuwa Ƙasar Waje Neman Aikin Ƙashin Baya, da Jinyar da ke Biyo Baya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta, kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, a yau mutanenmu da yawa suna tafiya Tunisiya, ko Maroko, ko Turkiyya, ko Indiya, domin a yi musu aikin ƙashin baya. Dangi su sayar da gona ko shanu, a haɗa miliyoyin sefa, a raka mara lafiya filin jirgin Yamai da addu'a. Abin da muke so ya zauna a zukatanmu shi ne: wuƙar likita rabin magani ce, rabi na biyu a gida ake yin shi, kuma a nan ne sau da yawa ake ɓarar da abin da aka tara da gumi.

Mu fara da sanin ciwon

Allah ya gina gadon bayan ɗan Adam da ƙasusuwa 33 a jere: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi kamar matashi, a tsakiyar jerin kuma akwai kafa wadda laka da jijiyoyi suke bi. Idan faifan ya tsage, abin da ke cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiya, sai zafi ya taso daga ƙugu ya gangara cinya har tafin ƙafa. Ya fi faruwa a faifai biyu na can ƙasan ƙugu, inda nauyin jiki ya fi sauka.

Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki, ba tare da an tsaga su ba. Akwai kuma ciwon baya wanda asalinsa tarin fuka ne da ya kama ƙashi. Ginshiƙin maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha watanni masu yawa, kuma ana samun su a ƙasarmu. Saboda haka kada a sayar da gona sai likitan ƙashi ko na jijiya ya duba mutum, ya ga hoton IRM, ya ce aiki ya wajaba. Ana yin aikin baya a Yamai, kuma babban asibitin da aka buɗe can a 2016 yana cikin manufofinsa rage fita waje neman magani.

Amma akwai alamomin da ba su jiran fasfo ko biza: mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mace, ko ƙafafunsa su yi ta raunana. Wannan a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ba wurin maɗori ko wanzami ba, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin naƙasa ta har abada.

Kafin a hau jirgi

Idan tafiya ta tabbata, a aika da hotuna da takardun gwaji tun daga gida, a nemi amsa a rubuce daga asibitin da kansa: wane aiki za a yi, nawa ne kuɗinsa, kwana nawa za a kwanta, kuma wa zai biya idan matsala ta taso. A yi hattara da dillalin da ke alkawarin warkewa tabbas. Likitan kirki ba ya yin wannan alkawari.

A tambayi irin aikin. Cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya daban yake da haɗe ƙasusuwa biyu da kusoshi na ƙarfe. Na farko ya fi kawar da zafin ƙafa bisa ga zafin baya, jinyarsa makonni ce. Na biyu kuwa ƙashi yana bukatar wata 3 zuwa 6, wani lokaci har shekara, kafin ya haɗe sosai. Mai ciwon suga da mai hawan jini su daidaita su kafin tafiya. Mai shan taba ya bari, domin tana hana ƙashi haɗewa da rauni warkewa, ga shi kuma Ramadan ya zo masa da taimako.

A raba guzuri uku: na aiki, na zama da ɗan rakiya, da na jinya bayan dawowa. Wanda ya ƙarar da kome a can, ya dawo ba shi da kuɗin magani da na kine, wato motsa gaɓoɓi a hannun gwani, ya yi gini babu rufi.

Hanyar dawowa

Kada a yi gaggawar tikiti sai likita ya yarda. Doguwar zama bayan aiki tana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu ya halaka mutum. A riƙa tashi ana takawa a cikin jirgi, a sha ruwa. Mu tuna kuma saukar Yamai ba ita ce ƙarshen tafiya ba: Maraɗi tana da nisan fiye da kilomita 600, Damagaram kusan 900. A huta kwanaki a Yamai, a yanka hanya zango zango. Kafin a baro can a karɓi rahoton aikin, da hotuna, da sunayen magunguna, cikin Faransanci in zai yiwu, sa'an nan a nuna su ga likitan gida wanda zai ci gaba da duba mutum.

Jinya a gida

A makonni 6 na farko galibi ana hana abu uku: sunkuyo, ɗaukar nauyi, da murɗa ƙugu. A rayuwarmu wannan yana nufin babu jan guga, babu daka, babu hauya, babu goyo, babu hawan kabu-kabu. A ɗaga masa shimfiɗa daga ƙasa, a sama masa kujerar bayan gida maimakon tsuguno. Amma kwanciya wuni guda ita ma cuta ce. Takawa kaɗan kaɗan kowace rana, ana ƙarawa sannu, tana cikin magani. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

A lura da raunin. Idan ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko masassara ta taso, kada a ce ta sauro ce a tsaya ga ƙwayoyin kasuwa. A koma asibiti. Haka in sha-raɓa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya.

Salla da azumi

Mun san abin da ke damun mai imani: ya ji liman ya tayar da asham, shi kuwa yana kwance. Ku sani, ƴan uwa, Allah ya sauƙaƙa. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan ciwonsa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Wanda yake iya tsayuwa amma an hana shi sunkuyo, ya yi kabbarar harama da karatu a tsaye, ya yi nuni ga ruku'u, sa'an nan ya zauna ya yi nuni ga sujada. Idan wanka ya wajaba kuma ruwa zai cuci raunin, ya yi shafa a kan ɗaurin. In amfani da ruwa ya gagara gaba ɗaya, ya yi taimama.

Game da azumi, aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya da matafiyi rangwamen su sha, su rama daga baya. Wanda aka rubuta wa magani na safe da rana da dare, kada ya tattara shi a sahur da buɗa baki da ra'ayin kansa. Ya tambayi likita. In ya ce azumi zai cutar, ya sha ya rama kafin wani Ramadan. Ɗan rakiya kuwa ya kula: a mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari ya fita daga hukuncin matafiyi. Idan ya isa Tunis da niyyar mako uku, sai ya cika salla, ya ɗauki azumi. Uzurin ciwo na mara lafiya ne kaɗai.

Wanda ya tilasta wa bayansa sujada alhali an hana shi, har aikin ya lalace, bai ƙara lada ba; ya cuci jikin da aka ba shi amana, ya kuma tozarta dukiyar da dangi suka sadaukar.

Mu kuma masu lafiya akwai hakki a kanmu. Dubiya ba ta ƙarewa ranar da aka yi barka da dawowa. A wata na biyu da na uku, lokacin da baƙi suka janye kuma aljihu ya bushe, a lokacin ne yake bukatar wanda zai nome masa gona, ya ɗebo wa gidansa ruwa, ya kai shi asibiti. Mai gida ya ɗauke wa matarsa turmi da tulu har ta warke, kada ya ce ta cika raki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na waje, ya sa ciwonsu ya zama kankarar zunubi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.