Tsakanin Gona da Majami'a: Zaman Magidanci Kirista a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya leƙa tarihin Kano ya ci karo da Abagayawa, maƙeran da ake cewa kakansu daga Gaya ya taso, ya bi sawun tama har gindin Dala, ya yada zango. Mutanen Gaya ba sa gajiya da tuna wa 'yan birni wannan zance, balle in gardama ta kaure a cikin mota. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan tsohuwar ƙasa, can cikin ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa, akwai 'yan tsirarun gidaje na Hausawa Kirista. Ba ci-rani ya kawo su ba, ba kuma aikin gwamnati ba. Jikokin Maguzawa ne, a nan aka binne cibiyarsu. Ni ɗaya ne daga cikinsu, manomi mai iyali, kuma abin da idon uba yake gani a irin wannan wuri shi zan faɗa.

In ka shigo unguwarmu ranar Talata da hantsi, babu abin da zai bambanta maka mu da maƙwabta. Dangar kara ce, rumbuna a tsakar gida, shanun huɗa a turke, mata na surfe, yara na korar awaki daga shanya. Sai ka ƙarasa gindin kuka za ka ga wani dogon ɗakin laka mai rufin kwano, da ɗan gicciyen katako a goshinsa. Majami'armu ke nan. Ƙararrawarta tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, amma in aka doka shi har Fulanin da ke ruga a bakin fadama suna ji.

Bishara ba ta samu shiga ƙasar Kano da wuri ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya iso birni, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, su ma ba su bar 'yan mishan sun sake a masarautu ba, gudun abin da zai haɗa su da sarakuna. Ta hanyar magani ƙofa ta buɗe: jinyar kutare a Yadakunya, da asibitin ido da mishan ɗin SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda har gobe Musulmi da Kirista ke layi a cikinsa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Amma waɗanda suka tako har ƙauyuka irin namu ba Turawa ba ne. Masu bishara ne 'yan ƙasa, a kan keke, suna noma 'yar gonarsu da safe, da yamma su shimfiɗa tabarma su koya wa yara abacada. Daga zamanin Sardauna zuwa shekarun 1980 Maguzanci ya yi ta ja da baya. Mafi yawa suka musulunta, wasu suka bi Almasihu, 'yan kaɗan suka riƙe tsafin iyaye har ƙasa ta rufe musu ido. Shi ya sa a gida ɗaya za ka tarar wa Alhaji ne, ƙane dattijon ikilisiya. Baffana Musulmi ne, kuma ran da aka zo neman auren 'yata a zaurensa aka zauna, shi ya amsa, ni ko tari ban yi ba.

Kiran sallar asuba daga ƙauyen da ke gabas da mu shi ne agogona. Da na ji shi sai in bi ɗakuna ina ƙwanƙwasawa. Lokacin hunturu tashin yara yaƙi ne. A ƙarshe dai sukan fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ƙudundune a zane, su kewaye murhun da uwarsu ta hura. Littafin da muke karantawa na mahaifina ne. Bangonsa ya rabu da shi tuni, da robar tayar keke ake ɗaure shi, kuma a farar takardar farko akwai sunayenmu da ranakun haihuwarmu da rubutun mai bisharar da ya fara zama a nan, ƙarƙashinsu kuma na 'ya'yana da nawa hannun. Karatu bi da bi ne. Wanda layi ya zo kansa ya riƙe fitilar sola da hagu, ya bi baƙaƙe da ɗan yatsan dama. In aka shiga jerin sunayen sarakunan Yahuza harshe ya sarƙe, ƙanana su fara ƙyalƙyala dariya a cikin zane, uwarsu ta harare su, ita ma tana danne tata. Daga nan in yi addu'a: ruwan sama in damina ce, marasa lafiya, matafiya, masu mulki, maƙwabta da sunayensu. A ce amin, a sauke ɗumame. Duk abin bai fi tafasar ruwan koko ba, amma a ganina shi ne ginshiƙin gidan. Yaro yakan manta wa'azin fasto kafin la'asar. Muryar ubansa tana ambaton sunansa gaban Allah kuwa ba ya manta ta.

Noma har yanzu na gandu ne, ko da yake ya fara sassautawa. Daga safe zuwa azahar ni da samarin gidan muna gonar gida, gero da dawa da wake a tsakani, gyaɗa a jigawa. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Ranar Lahadi fartanya ba ta fita, ko da ciyawa ta kai gwiwa, kuma wanda bai taɓa kallon gonarsa tana neman maimai a tsakiyar Agusta yana zaune ba, bai san nauyin wannan doka ba. In za a kira gayya, an san ba a sa ta Juma'a, ba a sa ta Lahadi. Babu wanda ya rubuta wannan, haka kowa ya taso ya gani.

A majami'a maza gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba kan tabarma inda idon dattijo zai kai. Mukan fara da Littafin Waƙoƙi, mu ja waƙa a hankali har mai gyangyaɗi ya samu rabonsa. Sai an ce Zumuntar Mata su fito wuri yake farkawa. Su taso cikin anko, wannan da tulu tana buga bakinsa da tafi, waccan da caki, mai ba da waƙa ta bayar, sauran su amsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Muryar daka ce da ta niƙa, irin wadda iyayensu suka yi, sai dai maganar ciki ta zama ta Yesu. Mu maza mu faɗi gaskiya: mu ne muke zaman majalisar dattawa, amma mata ne suke riƙe da ikilisiya. Su ne da jinya, su ne da gidan makoki, su ne kowace in za ta ɗora tukunya take ɗebe tafi ɗaya na hatsi ta ajiye don gwauraye da marayu. Baiko kuwa ba lallai kuɗi ba. Kwanon dawa yana shiga, ƙwai yana shiga, wani lokaci zakara ɗaure da ƙafa ya yi cara ana tsakiyar sanarwa.

Abubuwa biyu bangaskiya ta sauya a gidajenmu ƙarara. Na farko giya. A wurin kakanninmu buki ba giya ba buki ba ne, kuma dawa mai yawa a tukunyar giya take ƙarewa kafin bazara. Da iyayenmu suka bari, rumbu ya fara kaiwa damina. Na biyu auren mace ɗaya, wanda ya ba tsofaffin farko wahala ba kaɗan ba. Amma kunya tana nan daram. Ɗan farina har yau ba na kama sunansa, "wannan yaron" nake cewa, ko da yake shi ma ya ajiye iyali. Fastonmu, matashi ne da ya yi makarantar Littafi, yakan ce iyaye su riƙa gaya wa 'ya'yansu suna ƙaunarsu da baki. Mukan gyaɗa kai. Ni dai da na ga takalmin wannan yaron ya mutu na sayar da buhun gyaɗa, kuma ya gane. Sunayenmu ma haka suke tafe biyu-biyu: Ɗanladi Bulus, Talatu Rifkatu, Audu Istifanus.

Daɗin duniya a nan ba ya cin kuɗi da yawa. Bayan tuwon dare in jingina da bango, rediyo a kan ciki, in ji labaran BBC Hausa. Ni mutumin Kano Pillars ne tun kafin su ci kofin ƙasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Samarin gidan kuwa sai su hau babur har gidan kallo don ƙungiyoyin Ingila, su dawo suna musu a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Da rani akwai dara a gindin kuka, inda dattijon ikilisiya da ladanin ƙauyen gabas suke cinye wa juna 'ya'ya ba sani ba sabo. A nan ake warware siyasa. Da aka ɗaga darajar Gaya a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma dawo da ita masarauta mai daraja ta biyu da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, babu wanda ya ce zancen bai shafe mu ba. Ƙasarmu ce, sarkinmu ne. Wata Juma'ar kuma in tafi kara a Wudil, aljihu ba nauyi, in taya bijimin da na san ba zan saya ba, in dawo da soyayyen kifi da rake. Gudun da ƙananan suke yi su tare ni tun daga bakin hanya ya fi mini ribar kasuwar. In farin wata ya fito uwarsu ta yi musu tatsuniya, autana har yau bai yarda cewa Gizo ba ya cikin mutanen da suka shiga jirgin Nuhu ba.

Kaka ita ce lokacinmu. Da an gama ɗaure dami sai a sa ranar godiya, kowane magidanci ya kawo nasa gaban majami'a, a jera, a yi addu'a, a ware na mai bishara da na mabukata. Daga nan hankali ya koma Kirsimeti. Tun watanni kafin nan ake tara kuɗin watanda a hannun dattijo ɗaya mai amana, a je a sayo sa. Ran jajibere da sassafe sai a aika a kira maƙwabcinmu Musulmi ya zo da wuƙarsa ya yanka. Dalili a fili yake: naman da ɗan'uwanka ba zai ci ba, rabin daɗinsa ya tafi. A feɗe, a shimfiɗa tabarmar kaba, a yi kashi-kashi daidai yawan masu zubi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan yankin hanta da tumbi. A nan za ka ga dattawan da suka yi wa'azin haƙuri jiya suna tsugune suna auna kashi da ido, wani ya ce wancan ya fi kitse, a ciro 'yar tsoka a mayar. A ƙarshe a sa yaro ya juya baya, a nuna kashi a ce na wa, ya kira suna. Washegari bayan sujada 'yan mata cikin sabon ɗinki su fita da kwanonin shinkafa da miya gida-gida, har ƙauyen gabas. Da Babbar Sallah kwanonin nan za su dawo da naman layya. Matata ta san kwanon kowane gida, kuma ta san wanda ya yi jinkirin mayarwa.

Ba zan ce komai zuma ba ne. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 mun kwana da fargaba, ko da yake maƙwabtanmu na kusa ba su sauya mana fuska ba. Samun filin gina majami'a a cikin gari aiki ne ja. Yaronka ya je wani ofis neman takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, a ga Bulus a sunansa, a tambaye shi daga Filato iyayensa suka zo ko daga kudancin Kaduna, alhali kabarin kakan kakansa yana bayan gari. Irin wannan ne ya sa Hausawa da Fulani da Barebari Kirista suka haɗu a Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, don a san da su. Tsadar taki da kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa ba ta tambayi addinin kowa ba.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne makaranta. Malamin darasin addinin Kirista wuyar samu gare shi a makarantun karkara, don haka mai ɗan hali yakan tura yaro Kano ko Zariya ko Jos. Yaro ya yi karatu, ya samu aiki, ya auri 'yar can, ya riƙa zuwa Kirsimeti da mota da 'ya'yan da ke gaishe ka da Turanci. Ba na jin haushinsu, mu muka tura su. Sai dai bencin samari a majami'a yana raguwa, gandu yana rasa hannu, kuma mai bishararmu shi kaɗai yake fama da yara tun daga masu koyon baƙi har masu shirin jarrabawa.

Don haka ga saƙo zuwa ga 'ya'yanmu da ke birane, musamman waɗanda suka yi kwalejin horon malamai. Ajin da muka gina a gefen majami'a yana nan, allo yana nan, yara sun fi bencin yawa, har da na maƙwabta. Malami ne babu. Wanda zai iya ba mu ko da zango ɗaya na karatu ya zo; ɗakin kwana da gayauna mun tanada, tuwo kuma ba zai gagara ba.